Gafiyar da Ba Ta Gudu Ba

Har yau in na ji ƙaurin babbaka, Samaru nake tunawa, da kakar shekarar da na dawo gida daga yawon duniya. Na ci naman daji a Kamaru da Togo, kowa da yadda yake kama nasa. Mu tun muna yara rami muke haƙa mu ciro gafiya, Baba ne ya koya mana.

Ƙanena yana aiki a wata gona inda ake gwada sabon maganin ɓera. Ya ce tsohon maganin nan take yake kisa, shi ya sa ɓeraye suka gane shi. Sabon kuwa ba ya gaggawa. Ɓera zai ci, ya dawo ya ƙara, jini na tsiyaya a cikinsa, sai bayan kwanaki ya faɗi.

Wata Asabar yaran gidan suka kawo ƙatuwar gafiya, aka yi wa Baba farfesu. Yana suɗe kwano ƙanena ya shigo, ya tambayi inda aka kamo ta.

Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Bayan wayar gonarku, Kawu. Ko gudu ba ta yi ba."

Ƙanena ya zauna a ƙasa. "Baba, har hantar ka ci?"

"Da wa zan bar wa, kai?"

Likita a Sabon Gari ya yi masa allura, ya ce mu sa ido a kan dasashinsa, in jini ya fito mu dawo a guje. To, Baba mai cin goro ne, yawunsa kullum ja. Muka ƙwace goron. Ya zage mu tas, ya ce shi bai haifi 'yan sanda ba. Duk da haka kowace safiya sai mu tarar da jan tofi a gindin mangwaro, mu durƙusa muna dubawa, ba mu sani ba ko goron ɓoye ne ko jini.

Kyanwar gidan, wadda ta ci kayan cikin gafiyar, ta daina hawa katanga. Ran da muka tsinci gawarta a bayan rumbu, Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya ciro goro daga cikin hularsa ya miƙo mini, ya buɗe baki.

"Duba mini."

Baba ya tsira. Amma da kaka ta zagayo, yara suka ɗauki fartanya za su haƙar gafiya, shi ya zauna a zaure da sandarsa ya hana su fita.

Yanzu a baro ake tallar maganin a kasuwar Sabon Gari, da lasifika. Kowa saye yake yi, ba mai tambayar inda ɓeran yake zuwa ya mutu.