Koren Fentin Desmond Pocock

Desmond Pocock ya tsufa yana kiwon tumaki a bakin kogin ƙauyenmu, nan Somerset ta Ingila, kuma ban taɓa jin ya yi ƙyashin motar wani ko gonar wani ba. Ɗakin kankare ne ya tsaya masa a rai.

Cikin ɗakunan nan masu 'yan tagogin bindiga da aka jera a bakin kogin a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don tare sojojin Jamusawa, ɗaya ya faɗo gonarsa, ɗaya gonar maƙwabcinsa Wilfred Yandle. Jamusawan ba su zo ba. Desmond ya riƙa ajiye gishirin tumaki a nasa, Wilfred ya bar nasa ga ƙaya da jemagu.

Kwatsam hukumar kayan tarihi ta sa na Wilfred cikin gine-ginen da doka ta kare, har da allo a bakin hanya. Baƙi suka fara zuwa ɗaukar hoto.

"Des, in za ka leƙa nawa ka goge takalmi tukuna," in ji Wilfred a mashaya.

"Kangon jemagun naka? Allah ya sawwaƙe!"

Ya yi dariyar yaƙe, amma hassada ta ci shi ƙwarai. Shi ma sai an kafa masa allo. Wata uku yana fama: ya sare ciyayi, ya toshe tsagogi da siminti, ya kankare zane-zanen da suka ɓata bangon ciki, ya sa gilashi a tagogin, ya shafe ɗakin da koren fenti. Matarsa Maureen ta ce, "Ni ko kicin ɗina ka ƙi fentawa, tsoho."

Ran da jami'ar hukumar ta zo, ya tarbe ta da shayi da kek ɗin tuffa, ya sa kwat ɗin zuwa coci. Ta zagaya ɗakin, ta shafa bangon ciki, ta juyo ta dube shi.

"Baba, wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Ɓarna? Ni na gyara, da hannuna."

"Rubutun da ka kankare sunayen sojojin da suka yi gadi a nan ne. A duk layin kogin naka kaɗai ke da su, shi ya sa muka daɗe muna shirya takardar ba shi kariyar doka. Yau na zo da ita."

Ta mayar da takardar cikin jaka. Wallahi na tausaya masa. Ya raka ta har bakin shinge, hannunsa duk koren fenti.