Tumatirin Kaka a faifan tele

A gidanmu ni ce mai gyaran tele. Ba wanda ya naɗa ni, gajiya na yi da kallon Baba yana marin ta. Shi magani ɗaya ya sani: hoto ya ɗauke, mari; murya ta shaƙe, mari. In ta ƙi, a kira mai gyara, mai gyara kuma ya ce gobe. Tun ina lise, wato sakandare, na gane yawancin abin da ake ɗora wa tele ba laifinta ba ne. Ko fil, wato waya, ya saki a baya, ko pil, wato batirin telekomand ɗin canza tasha, ya mutu, ko wani ya zauna bisa telekomand ɗin ya kashe murya.

Shekarar da aka ɗauki yayana cikin ƴan kokowar Agadez masu zuwa neman takobin sarkin kokowa na ƙasa, Kaka, mahaifiyar Baba, ta hana kowa sakat. Ita ta raine shi, amma ba ta taɓa zuwa fili ba. Ta ce ba ta iya tsayawa ana murɗe mata jika a gabanta, amma a tele ta iya. Ranar da za a nuna karawarsa ta farko bayan la'asar, tun da hantsi ta yi wanka, ta ɗaura zanen sallarta, ta turara jiki kamar shi zai ji ƙamshin.

Da azahar Baba ya kunna. Hoto ya fito a farfashe, fuskar mai ba da labari ta rabu gida-gida, muryarsa tana tsinkewa kamar mai shaƙuwa. Sai komai ya tafi, rubutu ya tsaya: Pas de signal, wato babu sinyal.

Baba ya ɗaga hannu.

Na ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa ta. Tele mai rubuta maka abin da ke damun ta ai lafiyarta lau."

Ya ce, "To uwar iyayi, bismillah. In ba haka ba mu kai tsohuwa gidan maƙwabta."

Kaka ta ce ita ba ta zuwa gidan kowa roƙon kallon jikanta, ko a gani a nan ko a bari.

Na ja tebur na leƙa baya. Fil uku ne ke haɗa dekodar, akwatin kamo tashoshi, da tele, rawaya na hoto, ja da fari na murya, kowane yana raminsa. Na kwance fil ɗin da ke saukowa daga parabol, faifan kama sinyal, na hura bakinsa, na maida. Na buɗe inda dekodar ke nuna ƙarfin sinyal, layin kusan wayam. In hoto ya yi dishi-dishi ko ya rasa launi, nemi fil. In ya farfashe haka, matsalar tana bisa soro. Na ɗauki kilen Baba, wanda yake ɗaure ƙusar moto da shi, na hau.

Ina kaiwa na tsaya. Parabol ɗinmu da ke kallon gefe ya koma kallon sama sak, an tokare shi da tubali. Cikinsa kuwa ja wur: tumatir ne yankakke, an jera shi tsaf yana shan rana. Na tuna buhun da ƴan'uwa suka aiko daga Dabaga shekaranjiya.

Na leƙo tsakar gida na ce, "Tsohuwa! Wa ya yi shanya a parabol?"

Ko kunya babu ta ce, "Wane farabal? Faifan tele? Ni ce. Faifai ne ƙato yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. A ƙasa awaki, a tabarma iska. Kuma a karkace kuka kafa shi, ni na daidaita muku."

A gidanmu kowa faifai yake ce masa, ni ma haka. Ita dai ta ɗauki sunan da gaske.

Na ce, "To zaɓi, kauɗar tumatir ko jikanki."

"Ke ƴar nan, bai bushe ba!"

"La'asar ta kusa."

Ta ce, "Kwashe a hankali. In kika zubar da ɗaya sai na ci ƙaniyarki."

Na juye tumatirin a zanena, na goge ruwan da ya daskare, na cire tubalin. Wurin da ƙusar parabol ɗin ta daɗe a ɗaure ya bar zobe cikin tsatsa, shi na bi. Sauran aikin na haƙuri ne, ni kuwa ba ni da shi. Parabol ba a juya shi kamar murfin tukunya. Turi kaɗan, a dakata, dekodar ya yi tunani. Baba yana ƙofar ɗaki yana ihu: "Ya zo! Ya tafi! Koma! A'a, ba can ba!" Na ce ya bar kallon hoto, ya kalli layin nan ya gaya mini in yana cika. Da ya ce ya yi kore, na ɗaure ƙusar tamau na sauko, hannuwana jajur.

Kiɗan ƴan kokowa ya cika ɗakin. Ana kiran sunan yayana Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa tele. Ga shi nan, layu har gwiwar hannu, yana taku yana watsa ƙasa. Ta rangaɗa guɗa, ta shafa fuskarsa da yatsa, ta ce ya rame. Suka kama da wani ƙato mai wuya kamar turmi. Ba a jima ba ƙaton ya ɗaga shi ya shimfiɗe. Aka sake nunawa a hankali, hoto tas, har yashin da ya manne masa a baya ana gani.

Kaka ta kalla har ƙarshe, har ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ba ƙaton hannu. Ta ce, "Alhamdulillahi, da ƙafarsa ya tashi." Sannan ta juyo gare ni.

"Na gan shi. Hau ki maida mini tumatirina."