Dattijon Masu Jar Riga

Kowace Laraba Lorraine takan faka motarta a bakin filin ƙwallon Amurka na sakandaren garinsu a Texas, tana jiran ɗanta Dewey. Ba ta san sunan dattijon nan mai ɗingishi da ke taimakon koci ba. Hularsa ta koɗe, usur na lilo a wuyansa, bai cika busawa ba.

Ƙananan 'yan wasa ne rabonsa. Yana sa musu jajayen riguna irin na garin da za a kara da shi ranar Juma'a, ya nuna musu zanen dabarun garin, su kwaikwaya, manyan 'yan wasa su yi ta maka su da ƙasa don hannunsu ya faɗa.

Yau ma wani ƙato ya kwantar da Dewey.

"Lamba ashirin, ba mu wuri," in ji babban koci.

Dattijon ya ɗago yaron, ya gyara masa hular kwano. "Sannu Dewey, ɗana. Ka sa ƙaton nan gumi."

Lorraine na kallon gurguwar ƙafar. Tana raya cewa shi ma ya shekara cikin jar rigar nan, lasifikar wasan Juma'a ba ta taɓa ambatarsa ba. Ko sau ɗaya ba ta ji ya kira yaro da lamba ba.