Janar na Marafan Kwalba

Ko da zan yi shekara ɗari biyu a duniya, haƙora su zube, in manta sunan matata, ba zan manta da ranar da na zama janar a birnin Sakkwato ba.

Lokacin muna jami'a ne, zamanin da kuɗin fetur ke malala kamar gulbin Rima da damina, ɗalibi ya ci kaza ran Lahadi har ya yi mata yanga. Soja ke mulki. Ni kuwa ina ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma da yake Allah ya hore mini tumbi tun ina saurayi, aka ce ni zan fito a babban hafsan soja. Tela ya ɗinka mini kaki, muka jera marafan kwalbar lemo a ƙirjina, wai lambobin yabo. In na yi taku ɗaya, ana jin ƙararsu daga unguwar Mabera.

Sai shugabanmu ya ce mu shiga gari da kayan wasan mu yi shela, mutanen birni su zo kallo. Muka hau bayan a-kori-kura, ina tsaye ina sara wa jama'a. A bakin tsohuwar kasuwa muka yi kiciɓis da motar sojan gaske.

Kafin in sauke hannu, wani saje dogo ya sauko da ni da wuyan riga. Ya ce sa kakin soja ba wasa ba ne, bariki zai kai ni, daga can kuma a sanar da hukumar makaranta. Na san ma'anar wannan: duka, sannan kora. Mahaifina manomin gero ne a ƙauyen Dundaye, ya gama gaya wa kowa da kowa cewa ɗansa na jami'a. Gumin da na yi a wurin zai shayar da garken raƙuma. Abokaina suka yi ta roƙo da Turanci, saje bai ko kalle su ba.

Akwai wani dattijo Bafillace mai sayar da atamfa a gefen hanya, wanda ban taɓa gani ba. Ya taso a hankali da carbinsa, ya ƙura wa tsagar da ke fuskar sajen ido, tsagar Barebari ce. Sai ya ce, "Kai bawana, wa yab ba Babarbare bindiga? Lallai ƙasa ta lalace."

Na ce a raina, shi ke nan, yanzu mu biyu za a tafi da mu. Tsoro ya mantar da ni cewa Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Saje ya yi ta cije leɓe, dariya na neman ƙwace masa. Ya ce, "Baffa, ina shanun? Ko sun gane ba ka da wayo sun gudu?"

Dattijo ya ce, "Suna nan suna gaishe ka. Yaron ga ɗana na, tunda garinmu yake karatu. Ubangidanka ya ce ka sake shi."

Suka yi ta yi, wannan ya jefa, wancan ya rama, har 'yan kasuwa suka kewaye mu suna dariya. A ƙarshe saje ya ce ya bar ni albarkacin bawansa tsoho, amma kakin ya zauna. Nan na tuɓe. Dattijo ya yanko mini atamfa mai furanni na ɗaura, na koma makaranta kamar mai jego. Washegari na je yi masa godiya, ya ce in tafi in yi karatu, shi da ma ya daɗe bai sami Babarbaren da zai tsokana ba.

Na gama karatuna lafiya, har yau ina sa shi a addu'a. Abin da na koya kuwa shi ne, wasan da kakanni suka ƙulla tsakanin ƙabilu ba shirme ba ne. Igiya ce suka bar mana, ranar da mutum ya faɗa rijiya da ita ake jawo shi.