An nemi aurena a gidan yari

Lokacin da abin ya faru ina budurwa, na gama karatu ina aiki a wani ofis a unguwar Bonamoussadi, ina zaune da iyayena a unguwar New Bell. Babana direban babbar mota ne, daga kasuwar Grand Hangar yake ɗaukar kaya zuwa arewa. Ana dab da zuwa neman aurena ya yi hatsari, mutum ya rasu, kotu ta ce da ganganci a ciki, aka yanke masa shekaru. Gidan yarin ba nisa da mu, a ƙafa ni da Inna muke kai masa abinci, muna ratsa mutanen da suka san ni tun ina goye.

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda gidanmu ya yi tsit. Matan da kullum suke shigowa suka ɗauke ƙafa, ko gayyatar suna aka daina yi mana. Baffa, ƙanen babana, ya ce a gaggauta ɗaura auren ba hayaniya tun dangin saurayina ba su sake shawara ba. Ni ma tsorona ke nan, duk lokacin da waya ta yi ƙara ina jiran a ce an fasa.

Sai ga Alhaji, mahaifin saurayin nawa, dattijo mai fataucin shanu, yana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Ya gaida Inna, ya tambayi ranar ziyara. Ya ce Baffa ya yi waliccinsa kamar yadda aka saba, amma shi ba zai ɗauki 'yar mutum ba sai ya je gabansa ya ji daga bakinsa.

Ranar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya sa babbar riga ya bi layi tare da mu. Ganduroba ya sa shi cire hula, aka lalube aljihunsa, aka zazzage goron da ya kawo, ko fuska bai ɓata ba. Da aka fito da Baba, duk ya rame, yana ganin Alhaji sai ya sunkuyar da kai. Alhaji ya durƙusa da gwiwar nan tasa, ya ce, "Malam, 'yarka na zo roƙa wa ɗana. In ka ba mu mun gode, in ka ce mu jira ka fito, za mu jira." Baba ya ce ya ba shi. Fursunonin da ke kusa suka ɗaga hannu aka shafa fatiha, Alhaji ya raba musu goro.

Bai ɓoye ba, a ƙofar masallaci ya faɗa wa mutane inda ya je. Daga nan maƙwabta suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan biki ma bai daina ziyartar Baba ba har ranar da aka sake shi.

Na koyi cewa in an ɗaure mutum, iyalinsa ma a ɗaure suke, sai dai su ba wanda ke zuwa musu ziyara. 'Yan uwana, in an yanke wa maƙwabcinku hukunci, kada ku ƙara wa matarsa da 'ya'yansa naku. Ku shiga ku yi sallama, ko da hannu rabbana. Wallahi suna sauraron ƙofa.