Yarinyar da Ke Bayan Kabad

A bakin wani lungu a unguwar Jarwal ta Makka, Na'ima tana kallon wata siririyar tsohuwa mai sayar da kayan da alhazai suka bari. Littafin yara ne buɗe a cinyar tsohuwar, an zana wata yarinya Bayahudiya mai rawayen tauraro a ƙirji, laɓe a bayan kabad.

"Hajiya, littafin fa?"

"Ba na sayarwa ba ne, 'yata. An ce min lokacin yaƙin duniya sojoji ke farautar irinta su kashe."

Na'ima tana zaton tsohuwar ma ba ta da takardar zama a ƙasar, ta san zafin ɓuya. Motar 'yan sanda tana shigowa lungun. Tsohuwar ba ta tattara kayanta ba, sai ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe yarinyar da ke cikin littafin.