Boka Na Biyu a Teburin Yanka

Shekarun baya, lokacin da kiris, wato matsin tattalin arziki, ta kama ƙasar nan har mutum ya gwammace ya yi wa riga faci sau uku da ya ɗinka sabuwa, ina zaune a shagona a unguwar Birik ina korar ƙuda. Keke biyu gare ni, babu aikin ko ɗaya. Ni tela ne, karatuna aji biyu, na biyun ma ban ƙarasa ba. In kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, ɗinkina ya fi shi miƙewa.

Abokina kuwa ɗan boko ne, tare muka tashi, yana aiki a wani biro, wato ofis, a cikin gari. Wata safiya ya shigo da kwat da taye, da akwatin kwali a hammata, ya zauna. Sai da na dafa shayi ya faɗa mini an sallame su daga aiki. Ya roƙe ni kada maganar ta kai gida. Shi kaɗai ke riƙe da gidan, har da mahaifiyarsa, kuma ya ce ba zai iya kallon matarsa ya faɗa ba. Zai riƙa fitowa daga gidansa a unguwar Ekoudou kullum kamar mai zuwa aiki, ya wuni wurina, har Allah ya kawo wani abu. Na yarda. Ni dama ba a shan wahalar saka ni cikin abin da bai dace ba.

Akwatin, wani Bature abokin aikinsa ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ƙananan sojojin wasa ne na dalma a ciki, kamar tsawon yatsa, da littafin dokokin wasan da Faransanci. Abokina ya karanta ya fassara mini: kowa ana ba shi maki daidai da na ɗan'uwansa, da su zai zaɓi mayaƙansa, mai ƙarfi da tsada, rarrauna da araha. Ya kwashe masu sulke da dawakai, ya turo mini rundunar matattu, ƙwarangwal zalla da wani boka mai tayar da su. Ya ce sun dace da ni, tunda sana'ata ma ta rasu.

Teburin yanka ya zama filin daga. Dutsen guga tudu ne, almakashi kogi, tef ɗina na awo shi ke auna tafiyar soja, da 'ya'yan ludo muke yanke wanda ya sari wani. In an kira salla sai mu rufa su da atamfa, kada maƙwabta su ce tela ya fara ajiye gumaka.

Da farko kwaɗayi ya ja ni. Akwai wani dodon ƙashi mai fukafukai, na zuba rabin makina a kansa don ya fi kowa kyan gani. Aka taru a kansa aka farfasa shi, sauran 'yan tsirarun aka tattake. A hankali na gane ƙwarangwal ba su iya faɗa ba, amma ba sa tsoro, ba sa gudu, kuma in sun faɗi boka yana sake tayar da su. Sai na koma jera su da yawa, sahu bayan sahu, na ɓoye bokan a baya. Duk da haka ban ci ba. Abokina ya san dokar da ta fi kowace: in boka ya mutu, rundunar duka ta zube. Sai ya zagayo da mahayi ɗaya ta bayan dutsen guga, shi ke nan.

Wata uku muna haka. Yana cin wasa, amma yana ramewa. Sau biyu ina rage masa kwat ɗin nan.

Ran nan na sa ya sake karanta mini shafin boka. Na tambaya ko an hana mutum ya ɗauki biyu. Ya ce ba a hana ba, sai dai tsada, kuma ɗaya ne a akwatin. Na ɗauki kwarkwaron zare na naɗe shi da baƙin ƙyalle, na ajiye dodon nan gefe, na tsayar da sabon bokana a ɗaya ƙarshen sahu. Abokina ya zagayo kamar kullum ya kashe na dalma, ya miƙo hannu zai share mini sojoji. Na riƙe hannun, na nuna masa kwarkwaro. Matattuna suka ci gaba da tashi har suka gajiyar da dawakansa.

"Duk makin nan ka zubar a kan tsumma?" in ji shi.

Na ce, "Mutumina, wata uku kana gani da idonka yadda rundunar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya take zubewa."

Wallahi wasa nake nufi, cika baki kawai nake yi. Amma ya daɗe yana kallon kwarkwaron. Ya kwance taye ya sa a aljihu, ya tafi tun kafin la'asar.

Washegari ya zo da kaftani. Ya ce ya faɗa wa matarsa. Ita kuma ta ce tun mako na biyu ta sani, don babu biron da ake dawowa daga cikinsa da jan zare da kore a wando. Ashe da ya fita take ɗora kasko ta soya makala, irin fanken nan, maƙwabciyarta ta kai mata kasuwar Mokolo ta sayar, ta ɓoye kaskon kafin ya dawo. Jira take ya faɗa da bakinsa. Ni ma an aiko mini saƙo: in zan ɓoye mijin mutane, in riƙa share shagona.

Har yau ina tunanin watannin nan. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi, ashe taya shi ɗaukar abin da ba sai ya ɗauka shi kaɗai ba nake yi. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa na lallaɓa ɗan'uwansa a ɓoye, ni kuma a tsakiya da tef a wuya.

Ban sake cin abokina ba, don ya koyi zagayowa da mahayi biyu. Kwarkwaron yana nan a aljihun kekena, ƙyallen ya koɗe. Duk mai neman zare ya ɗauko shi, sai in ce ya mayar, wannan yana bakin aiki.